Madubi da Hotunan Bahago

Ba don kyau ake ce masa Madubi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi faratansa ba su taɓa zama launi ɗaya ba. Sunan daga aikinsa ya fito: in ya gama fesa wa mota fenti, mai motar kan tsaya a gaban ƙofarta ya gyara wuyan rigarsa. Masu fenti suna da yawa a layin garejin da ke bayan tashar manyan motoci, amma duk wanda ya goge mota a jikin bango kuma ba ya son a gane a gida, wurin Madubi yake kai ta. Sau ɗaya zai kalli launin, ya tsuguna gaban gwangwanayensa, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, sai ga shi sak. Abu biyu ne idonsa ba ya iya haƙuri da su a duniya: tudu a inda ya kamata a ce sumul ne, da launin da ya dushe. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ka ga tafin hannunsa yana bin bango yana laluben inda magini ya yi ha'inci.

Takunkumin rufe hanci kuwa bai san hanyarsa ba. In aka yi masa maganar tururin fenti, sai ya daki ƙirji ya ce ai nasa huhun tuni aka yi masa shafi uku, tsatsa ba ta kama shi. A yi dariya, shi ma ya yi, in an tashi ya sha madarar gwangwani ya ce ta wanke komai.

A ƙarshen layin akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa, na wani mai rubuta allunan shaguna da ake kira Bahago, don da hagu yake aiki. Siriri ne, ba ya son magana. Da allunan yake cin abinci, amma in babu aiki sai ya ɗaure yadi mai kauri a jikin katako ya zana abin da ransa ke so. Kullum masu jira yake zanawa: masu jiran mota, masu jiran likita, mata a layin famfo da bokitai. Fentinsa gaja-gaja, nan tudu can kwari, don wani lokaci da wuƙa yake shafawa. Launukan a dushe suke, fuskokin kuma rabi da rabi. Makanikai in za su wuce sai su leƙa su ce, “Bahago, fenti ne ya ƙare ka bar wannan bawan Allah babu hanci?” Ko ɗaga kai ba ya yi.

Wata rana Madubi ya kai masa ragowar fenti da ya roƙa, sai idonsa ya faɗa kan hoton wata tsohuwa zaune a bencin asibiti, ta cire takalmanta ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ya tsaya da gwangwanin a hannu ya kasa ajiyewa. Haka mahaifiyarsa ke zama a wurin da take jin ba a son ta ɓata wa mutane daɓe. Idonsa ya ciko, ya ji kunyar kansa, ƙato da shi zai yi kuka gaban ƙyalle. Ya tambayi kuɗin, Bahago ya faɗa kamar mai ba da haƙuri, ya biya bai yi tayi ba.

Ɗaki biyu suke haya shi da matarsa, a saman wani bene mai matakala a tsaye. Auta kowa ke ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu, kuma tela ce, kekenta na bakin tagar falo. Ta ɗago ta dubi abin da ya shigo da shi ta ce, “Maigida, ka kawo mana baƙuwa ba ka ce a ƙara cefane ba.”

“Wannan ba ta ci. Zama kawai za ta yi.”

“To sannu da zuwa, Iya,” in ji Auta, ta ɗan rusuna wa hoton, ta ci gaba da taka kekenta.

Daga nan abin ya kama shi. Wani yana da tantabaru, wani yana da ƙwallo, shi kuwa hotunan Bahago. Duk lokacin da babban aiki ya faɗo, sai ya zarce ƙarshen layi ya dawo da wani mai jiran. In ya dawo gida ya yi wanka, yakan ja kujera ya zauna gabansu, bai ce musu komai ba su ma ba su ce masa ba, har gajiyar ta sauka. Sau biyu suka haihu, duka biyun ba su yi tsawon rai ba, kuma gidan da babu hayaniyar yara yana son abin da za a kalla. A lokacin babu maganar riba a ransa ko kaɗan. Da abin ya tsaya nan, da babu labarin da za a bayar.

Wani ma'aikacin banki ne ya saka masa ɗayan tunanin. Ya zo karɓar motarsa, ya ga wani sabon hoto jingine a bangon gareji yana jiran a tashi a kai shi gida. Ya cire tabarau ya mayar, ya ce, “Malam, ka san abin da kake tarawa kuwa?” Ya ce masa a manyan birane masu kuɗi irin wannan suke saya su ajiye, kamar yadda ake sayen fili, har ma ya fi fili. Fili a wayi gari a ce hanya za ta bi ta kai, kuɗi a banki kullum ramewa yake, shi kuwa wannan yana rataye yana ƙiba. “Wannan mutumin yana da hannu, wata rana za a ji shi. Abu biyu kawai: kada ka yi ta nuna wa mutane, kuma ka kula da su da kyau, kada su lalace.”

Ya shiga motarsa ya tafi, bai san irin kunnen da ya zuba wa maganar ba.

A shekarar ne yayan Auta, mai sayar da kayan gini, ya samo musu fili kusa da nasa, a biya a hankali. Yaya mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, mai son ƙanwarsa, amma alherinsa kullum da ƙaya a jiki yake zuwa. Madubi ya yi godiya ya ce yana da inda yake zuba nasa. Yaya ya bi bangon falon da kallo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura! Auta, mutane na tara bulo, mijinki na tara mutanen da ba su da hanci. Ranar da aka kore ku daga hayar nan, a wanne za ku kwana?”

Auta ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba. “Yaya, abin da mijina ya hango, kai ko ka hau saman shagonka ba za ka hango ba.”

Daga ranar ta zama mai tsaron hotunan fiye da shi. A duk taron dangi sai an taɓa ta da maganar, ita kuma sai ta rama. Ta ga 'yan uwanta sun tare a gidajen kansu ɗaya bayan ɗaya, ta je ta taya su jeren kaya, ta dawo ta hau matakalar hayarta. Shi kuwa yakan nuna mata bango ya ce, “Waɗannan su ne 'ya'yanmu. Ko bayan raina su za su riƙe ki.” Ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Kuma da farko kamar duniya ta gaskata shi. Bahago ya rufe shago ya tafi babban birni, aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga sunansa a rediyo, sai ga hotonsa a jarida tsaye kusa da masu manyan kaya, yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama. Bayan wasu shekarun aka ce ya rasu, kuma masu kuɗi na rububin abin da ya bari. Madubi ya yi kuka na gaske a bayan gareji. Yana cikin kukan ya ji wani sashe na zuciyarsa yana lissafi, ya tsani kansa, amma lissafin bai tsaya ba. Hotuna ashirin da 'yan kai ke gidansa, kuma ban da dangin matarsa masu dariya, babu wanda ya san da su.

Sai dai tun kafin wannan labari ya zo, aikin gama ya gama.

Bahago bai daɗe da barin gari ba rufin bene ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya sauka a kan tsohuwar nan mai takalma, ya bar mata tabo daga kafaɗa har gwiwa. Madubi ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. An ce ya kula da su, ga shi ya bar ɗaya ta lalace. Ranar hutu ya naɗe ta a zani, ya kai ta gareji ya kulle ƙofa. Ya sa samfefa mai laushi ya goge tabon, ya haɗa launin rigarta sak, ya mayar. Ko Bahago ba zai gane wurin ba. Ya ja da baya yana kallo, sai tafin hannunsa ya kai kansa kan hoton, ya ji tudun nan da kwarin nan da suka daɗe suna sosa masa rai. Ya ce a ransa, bawan Allah ba shi da kayan aiki ne, da wuƙa yake fama. Ya bi tudun da samfefa har ya kwanta, ya cike kwarin, ya farfaɗo da launin da ya dushe. Sannan ya tada injin iska, ya haɗa ruwan sheƙin da ake fesa wa mota a ƙarshe don ya tsare fenti daga rana da ruwa, ya yi mata shafi uku, irin wanda yake yi wa motar da yake ji da ita.

Da ya kawo ta gida Auta ta tsayar da keke. “Kai! Maigida, yanzu Iya ta zama mutum. Dubi yadda take ɗaukar ido.”

To me ya rage? Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk ranar hutu. Wanda babu hanci ya samu hanci, don a rufe bakin Yaya. Turken fitilar da ya karkace a wani hoton ya miƙe. Hatta sa hannun Bahago da ke can ƙasa a karkace kamar tafiyar kaza, sai da ya goge shi ya sake rubuta masa da siririn buroshi, tsaf, yadda mai karatu zai karanta. Bayan 'yan shekaru kuma ya ƙara musu sabon shafi. Bai taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, yana yi yana hira da Bahago a zuci, yana ce masa kai ka fara ni na ƙarasa. Da akwai masani a kusa da ya riƙe masa hannu, amma an ce kada ya nuna, shi kuma mutum ne mai riƙe magana.

Tari ya fara masa kamar wasa. Daga baya ya zama sai ya huta a tsakiyar matakala, sannan sai ya huta sau biyu. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, ya tambaye shi sana'arsa, ya gyaɗa kai. Ya ce huhun ya ƙandare, magani zai rage wahala ne kawai, kuma kada ya ƙara kusantar fenti. Madubi ya so ya yi barkwancin nan nasa na shafi uku, numfashin bai isa ba. Ya sayar da injin iska da bindigar feshi, aka ci kuɗin a magani. Idon Auta ma ya fara gajiya, sai ta yi ta neman kafar allura, masu kawo ɗinki suka ragu. Mai gidan haya ya fara gaishe su a taƙaice.

Tsoron mutuwa bai dame shi kamar tsoron inda Auta za ta sa kanta ba. Ya yanke shawara lokaci ya yi: a sayar da hotunan, a saya mata ɗan gida da sunanta, ya ga ta shiga da idonsa. Ya yi tambaya har aka kwatanta masa wata mata mai gidan baje hotuna a unguwar masu hali, wadda aka ce duk abin da ya shafi Bahago ita ake nema. Auta ta goge masa rigarsa mafi kyau, ta naɗe tsohuwar a sabon zani, ta sauko masa da ita har bakin tasi tana ta addu'a.

Wurin fari ne tas, ga sanyi, ga shiru, har ya ji ƙarar numfashinsa ta yi yawa. A bango ɗaya ya hango hotunan Bahago guda biyu, an ja igiya a gabansu don kada a matsa. A dushe suke, gaja-gaja, ɗaya har ya tsage a gefe. Tausayinsu ya kama shi, ya ce a ransa waɗannan ba su samu mai kula da su ba. Ya ji ƙarfin gwiwa, har ya ɗan miƙe ƙirji.

Matar dattijuwa ce mai furfura da tabarau rataye a wuya. Da ta ji ya zauna layi ɗaya da Bahago sai ta ba shi kujera da kanta. Ya ɗora hoton a tebur a kife, ta fara duba bayan, ta shafa yadin da irin ƙusoshin da aka kafe shi da su, fuskarta ta washe. “Nasa ne. Na farko-farkonsa ma, Baba, irin waɗanda muke nema ba mu samu.” Sannan ta juya gaban.

Ta sa tabarau, ta karkata hoton wajen haske, ta cire tabarau.

“Wa ya taɓa shi?”

“Ni ne,” in ji Madubi, yana murmushi. “Sana'ata ce, fentin mota. Ruwa ne ya ɓata shi na gyara. Nemi wurin ki gani in za ki samu.”

Matar ta laluba kujera ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce masu saya ba tsohuwa suke saya ba, hannun Bahago suke saya, kuma hannun nasa shi ne tudun da kwarin, shi ne dushewar, shi ne hancin da ya ƙi sawa. Da ya kawo shi da tabon ruwansa, da dattinsa, ko a yage, da ta saya yau ɗin nan, kuɗin da zai ba shi tsoro. “Amma abin da ke gabana aikinka ne, Baba. Nasa ka goge shi da samfefa, ya bi iska.”

“Ba a iya cirewa? Na sama-saman nan?”

“Da me ka shafe shi?”

Ya faɗa mata, da irin haɗin, da yawan shafin.

“To kai ka fi ni sanin ko yana fita.”

Ya sani kuwa. An yi abin ne don ya jure rana da ruwa da fetur, kuma shi bai taɓa yin aikin da ya ɓare ba. Sai matar ta sunkuyo da sauri, kamar wadda ta tuna wani abu. “Ka ce kana da wasu a gida. Sauran fa?”

“Duk na yi musu.”

Ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Ya lura ba shi take tausayi ba, hotunan take yi wa kuka, kuma bai ga laifinta ba. Ta ce ba za ta iya saya ba, babu kuma wanda ya san abin da yake yi da zai saya, kada ma ya bari wani ya kai su kasuwa da sunan Bahago, don za a ce jabu ne a jawo masa fitina. Ta sa aka kawo masa ruwa, aka tsayar masa da tasi.

Ranar sau huɗu ya huta a matakala, ba duka don numfashi ba. Ya shirya maganar tsaf, kalma bayan kalma. Yana tura ƙofa ya tarar da Auta tsaye a tsakar falo, ta yi kwalliya kamar mai jiran baƙi, hannunta biyu a ƙirji.

“Me ta ce?”

Ya dubi fuskar nan da ta sha dariyar dangi shekara talatin da wani abu saboda shi. “Ta ce nasa ne, na farko-farkonsa, irin waɗanda ake nema ba a samu.” Har nan gaskiya ce. “Ta ce kada mu yi gaggawa, farashi hawa yake. Mu ɗan ƙara haƙuri.”

Auta ta zube a kujera tana hamdala, tana dariya tana share hawaye. Ya ce a ransa gobe zai faɗa mata, in ta huce daga murnar. Goben ta zo ta wuce, wata goben ma haka, kuma kowace rana maganar ƙara nauyi take.

Wata rana da azahar Auta ta fita kai ɗinki. Ya jawo akwatin tsofaffin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da kwalbar tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, da gwangwanin maganin ɓare fenti, ya rufe taga don kada maƙwabta su ji wari. Mai yiwuwa matar gidan hotunan ba ta san komai ba, mai yiwuwa akwai saura a ƙasa. Ya kwantar da tsohuwar a daɓe ya goga tina, sheƙin ko gezau, aikinsa ne ai. Ya shafa maganin ɓarewa a kan fuskar, ya jira. Wurin ya kumbura ya yi ƙuraje. Ya sa tsumma ya share a hankali, sai komai ya biyo tsumman, nasa da na Bahago, har farin yadi ya bayyana. Ya dubi tsumman, wata dunƙulalliyar laka ce mai ruwan toka. Ya gwada a hannunta, ya gwada a takalman, ko'ina haka. Ɗakin ya fara juyawa. Da ƙyar ya tura hoton da kayan ƙarƙashin gado kafin ya kife.

A ƙasa Auta ta same shi. Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi da tukunyar iska da robar da ake sa wa a hanci, aka ɗauko shi a kujera aka hau da shi bene. Bai ƙara sauka ba. Ta yi masa faɗan taɓa fenti bayan likita ya hana, ta tambayi ina Iya, ya ce matar gidan hotunan ta aiko an karɓa za a yi mata kuɗi. Ƙaryar ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, wannan ya ƙara tsorata shi.

Yana kwance a ɗaki wata safiya ya ji hakin Yaya a matakala. Shi ma ya tsufa, cikin ya zube, muryar ce dai ba ta ragu ba. Ya leƙo ya yi masa sannu, sannan ya ja ƙanwarsa falo, wai zai yi magana a hankali. Madubi yana jin komai ta ƙofar da ba a rufe ba.

Yaya ya ce yana raba wa 'ya'yansa abin da ya mallaka tun yana da rai, don ba ya son rigima a bayansa. Akwai ɗaki biyu da ya gina a bayan gidansa, da ƙofarsu daban. Babban ɗansa na son ya rushe su ya yi shaguna, har ya kawo magina. “Ni kuma na ce sai na ji daga bakinki. Ba fata nake yi ba, Auta, amma kina ganin jikin mutumin nan. In kina so, yau ɗin nan in sa a rubuta da sunanki, babu mai taɓa ki. In ba kya so in sakar wa yaro. Sai dai wurin ƙarami ne, wannan tarkacen na bango ba zai shiga ba. Ki sauke girman kai, kin gwada kin gani, ƙyalle ba ya riƙe mutum.”

Da bai ce tarkace ba, wataƙila da ta yi tunani. Madubi ya ji ƙarar almakashi da ta ajiye a kan keke.

“Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma shekara nawa kana yi wa mijina dariya a gaban mutane? An kai an gwada, masana sun gani sun ce irinsu ake nema. Ɗaya ma tana can ana yi mata kuɗi. Ba bayan gidan kowa zan zauna ba, gidana zan shiga, ka zo ka taya ni jere. Ba wa yaro ya yi shagunansa.”

Madubi ya yunƙura zai kira ta. Ya ji iskar tana shiga ta robar, ya san tana isa ya yi magana, kalma biyar ma ta wadatar. Kafin ya buɗe baki sai ga su a bakin ƙofa, Yaya a gaba yana goge zufa, Auta a bayansa.

“To, Madubi, ka ji abin da ƙanwata ta ce. Ni in na sauka benen nan magana ta ƙare, gobe magina za su fara. Kai ne mijinta, kai ka san abin da ke bangon nan. Tsakaninka da Allah, in sakar wa yaro?”

Ya dubi Yaya. Babu dariya a fuskarsa yau, roƙo ne ma a ciki. Sannan ya dubi Auta. Ta ɗaga haɓa, idonta na kansa, cike da alfahari da shi, irin kallon da ba a yi wa mutum sau biyu in ya zubar. Ya san abin da ya kamata ya ce, ya san kuma abin da zai same ta in bai ce ba: matakalar nan, da mai gidan haya, da ranar da za ta naɗe hotunan ta kai wa matar nan da kanta. Duk ya gani sarai. Tsoro ne kawai ya fi ƙarfinsa, tsoron ya mutu tana kallonsa da wani idon.

“Yadda ta ce, Yaya,” in ji shi.

Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya yi musu sallama. Madubi ya bi takunsa da kunne yana sauka a hankali, yana tsayawa yana hutawa, har aka ji ƙofar ƙasa ta rufe.

Auta ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa ta matse. “Yau ka fitar da ni kunya, Maigida.”

Ya rufe ido don kada ya gan ta. Ta ɗauka barci ne ya ɗauke shi, ta gyara masa mayafi, ta fita da sanɗa.